Tsintsiyar Baba Nomau

Kukar Bawa, ƙasar Gwiwa
12 ga Maris, 1973

Zuwa ga Gwaggo Dela,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da yaya Iliya da matarsa Uwa da yara. Yaya idon naki? Mu nan lafiya lau, sai matata Tabita da ke fama da laulayin ciki, shi ma da sauƙi.

Gwaggo, yau watanmu biyu a nan. Kin tuna ranar da aka ɗora mini hannu aka keɓe ni fasto, kowa ya ɗauka birni za a tura ni, tun da ni na zo na ɗaya a ajinmu. Sai ga ni a Kukar Bawa. Daga Kazaure sai mutum ya jira motar kasuwa, in ta sauke shi kuma ya taka sayyada ta awa biyu. Majami'ar ta ƙasa ce da jinka, masu bi gida goma sha huɗu ne. Maƙwabtanmu Musulmi ne, akwai kuma rugar Ardo Lauwali a arewa da mu. Rijiya ɗaya muke sha, ba mai jin kanmu.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ya dame ni wani tsoho ne, Baba Nomau, mai bisharar da ya kafa wurin nan shekara ashirin da suka wuce. An ce mutumin wajenmu ne na Roni, ƙila kin san shi. Bai yi makaranta ba, karatun ma da ƙyar yake haɗa baƙi. Da muka iso ya bar mini wa'azi ba gardama, ya kwashe kayansa daga gidan fasto ya koma wata bukka a bayan majami'a. Na ce to, madalla.

Ashe ban gane ba. Kullum kafin rana ta fito yana nan da tsintsiya yana sharar majami'a da filinta. Shi ke cika randa, shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke buga ƙarfen kiran sujada. Mutane in sun zo, wurinsa suke fara durƙusawa, yana riƙe da tsintsiyar nan, ni kuma ina tsaye da kwat a bakin ƙofa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Rigimar gona, wurinsa. Yaro ba lafiya, wurinsa. Sai ya ce musu, "Ku je wurin Fasto," su amsa da to, su koma gida.

Ran Lahadin da ta wuce na ba shi karatun Maganar Allah. Ya yi tuntuɓe wuri uku, na gyara masa a gaban jama'a, don bai kamata a bar kuskure ya wuce ba. Ya ce, "Na gode, Fasto." Da aka tashi ba wanda ya yarda muka haɗa ido.

Ke kika riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai ke. Yaya zan yi da tsohon nan? Ki aiko da amsa ta kantin Muhammadu Lawal a Kazaure, mutanenmu suna biyawa ran kasuwa.

Ni ne ɗanki,
Haladu

Kakuri, Kaduna
9 ga Afrilu, 1973

Ɗana Haladu,

Na gaishe ka, na gai da Tabita. Ka ce mata ta rage ɗaukar tulu. Muna lafiya. Iliya yana masaƙa, aiki ya yi musu yawa. Idona ne dai, hazo yana ƙaruwa, sai na kai takarda bakin hanci nake ganin abin da na rubuta. Uwa ta ce in kawo ta rubuta mini, na ce a'a. Ban sha wahalar ajin yaƙi da jahilci don wani ya riƙa riƙe mini fensir ba.

Na karanta takardarka sau biyu. Na san Nomau. Ashe yana da rai. Na gode wa Allah.

Ka ce in ba ka shawara. Ga ta, ba ta da tsawo. Ka karɓi tsintsiyar nan daga hannunsa. Kada ka jira wani ya faɗa maka, kada kuma ka bari a kai wata Lahadin. Tun ranar da ka sauka ya kamata ka yi haka. In ka yi, za ka ga yadda jama'a za su koma.

Maganar birni kuwa ka bar ta. Ga ni a birnin, ba abin da ke ciki sai hayaniya da motoci, tun da kuɗin mai ya shigo kowa gudu yake.

Idon ya fara ruwa, zan tsaya nan. Ka gaishe mini da shi.

Gwaggonka,
Dela

Kukar Bawa
14 ga Mayu, 1973

Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni a makon jiya, ta yi kwanaki a kanti. Muna lafiya, sai zafi. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, har yanzu ba a yi shuka ba.

Na gode da shawararki, ta ƙarfafa mini zuciya. Da ma abin yana raina, tsoro ne ya hana ni. Na yi yadda kika ce.

Na tara dattawan ikilisiya bayan sujada, na ce lokaci ya yi da Baba zai huta. Shara da ɗiban ruwa da buga ƙarfe za a raba wa gidaje, kowane gida da makonsa. Sai Baba ya ce, "Fasto, na yi wani laifi ne?"

Na ce, "Babu laifi, Baba, hutu ne."

Ya ce, "Wa ya ce na gaji?"

Na ga abin zai yi tsawo, sai na ce ba ni kaɗai na gani ba, ko Gwaggo Dela da ke Kaduna ta rubuto ta ce in karɓi tsintsiyar daga hannunka. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Dela 'yar Mati? Ita ta ce?" Na ce ita. Ya tashi ya shiga majami'a, ya fito da tsintsiyar da makulli da guntun ƙarfen da yake bugawa da shi, ya ajiye su a gabana. Ya ce, "To, shi ke nan."

Gaskiya na ji wani iri, amma na san shugabanci ba ya yiwuwa sai da haka. Yanzu yana zama a baya wajen ƙofa lokacin sujada. Mutane sun ɗan yi sanyi, ina sa rai za su saba kamar yadda kika ce. A cikin wannan hidimar na manta ban isar masa da gaisuwarki ba, zan yi.

Tabita tana gaishe ki. Ita ba ta ji daɗin abin ba, amma kin san mata da tausayi.

Ɗanki,
Haladu

Kukar Bawa
20 ga Agusta, 1973

Gwaggo,

Ina gaishe ki ƙwarai. Wata uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Duk ran kasuwa sai na aika kanti, a dawo a ce babu. Ko idon ne? Ko kuwa na yi wani abin da ya ɓata miki rai? In fushi ne ki faɗa mini, shirun nan ya fi mini ciwo.

Labarinmu ba daɗi. Ruwa ya yi sau uku ya ɗauke. Geron da muka shuka ya kai gwiwa ya tsaya, yanzu yana ƙonewa a tsaye. Gyaɗa ba a magana. Rijiya ta ja baya, mata sai su wuni kafin su cika tulu. Mutane suna gangarowa daga Nijar da dabbobin da ƙashi kawai ya rage musu. Ardo Lauwali ya ce tun da aka haife shi bai ga irin wannan ba.

Ikilisiya kuma ta watse mini a hannu. Rabon sharar bai yi wata ɗaya ba ya mutu. Wannan gida ya ce makon wancan ne, wancan ya ce ya manta. Awaki suna kwana a majami'a, randa ta bushe har ta tsage. Wata Lahadi ba wanda ya buga ƙarfe, na tsaya ina jira in ga wanda zai tuna, har rana ta take. Mu bakwai muka yi sujada.

Baba Nomau ya tafi. A farkon Yuli ya ɗaure tabarmarsa ya ce za shi wurin 'yarsa Inno da ke aure a wani ƙauye bayan Babura. Bai yi mini sallama ba, Tabita ya yi wa. Tun tafiyarsa gida shida suka daina zuwa. Suna taruwa a zauren wani dattijo suna addu'arsu. In na wuce su gaishe ni da ladabi, "Sannu, Fasto," iyakarta ke nan.

Na shirya wa'azi mai kyau a kan biyayya ga shugabanni, na yi kwana huɗu ina rubuta shi. Waɗanda na yi domin su ba su zo ba.

Gwaggo, kin ce jama'a za su koma, ga shi sun koma gidajensu. Na rubuta wa shugabanninmu na roƙa a canja mini wuri. Mutanen nan ba su san darajar ilimi ba, ni kuma na gaji. Don Allah ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Haladu

Kakuri, Kaduna
17 ga Satumba, 1973

Haladu,

Za ka ga hannun ba nawa ba ne. Uwa ce ke rubutawa, ni ina faɗa. An yi mini aikin ido a watan Yuni, ɗaya bayan ɗaya, na daɗe a kwance da bandeji. Iliya ya ɓoye takardunka don likita ya ce kada a tayar mini da hankali. Jiya aka karanta mini su biyun a zama ɗaya. Idon ya yi kyau, na gode wa Allah. Amma jiya na yi kukan da likita ya hana.

Ɗana, me ka yi? Da na ce ka karɓi tsintsiya, cewa na yi ka karɓa ka yi sharar da hannunka. Ka riga shi tashi, ya fito ya tarar da kai a duƙe, ku ɗebo ruwan tare. Abin da nake nufi ke nan. Ban taɓa zaton za ka karanta ta wata fuska ba. Sai ka je ka ƙwace, ka kuma sa sunana a kai.

Bari in faɗa maka wane ne Nomau, tun da ubanka bai faɗa maka ba. Shekarar agana, cutar ƙurajen nan mai kisa, kana goye ta shiga garinmu. Aka yi mana bukkoki a bayan gari, mu goma sha ɗaya, ana ajiye mana abinci daga nesa a gudu. Mijina ya mutu a gefena. Nomau a lokacin bai daɗe da karɓar bangaskiya ba, mu kuwa muna bin tsafin gidanmu, muna yi masa dariya. Shi kaɗai ya shigo. Shi ya haƙa kabarin mijina. Kwana arba'in yana ɗebo mana ruwa, yana wanke mana miki, yana kwashe abin da ba zan sa Uwa ta rubuta ba. Bai yi mini wa'azi ko sau ɗaya ba. Da na warke ni na bi shi na ce ya faɗa mini wanda yake bauta wa. Ta nan bangaskiya ta shigo gidanmu, har ta kai ka makarantar da ka zo na ɗaya.

Wannan mutumin ka ce wa Dela ta ce a karɓe masa tsintsiya.

Ni ma ina da laifi, ba zan ɗora maka duka ba. Da na bar Uwa ta rubuta, da na yi bayani dalla-dalla. Girman kai ya sa na riƙe fensir da idon da ba ya gani, na yi maka layi huɗu na tsaya. Kuma ni na riƙa yawo da sunanka a zumuntar mata, ɗana na ɗaya, ɗana fasto. Ni na hura maka kan.

Kada kuma ka ɗauka Nomau mala'ika ne. Na san shi da taurin kai, in ya yi fushi ba ya faɗa, sai ya yi ta aiki har kowa ya ji kunya. Amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Naka shi ne ka tashi ka je Babura. Kada ka aika, kada ka rubuta. Ka bar kwat ɗin a gida. Ka faɗa masa abin da na ce da abin da ban ce ba.

Ba na fushi da kai. Ka gai da Tabita, na san ta kusa.

Gwaggonka,
Dela

Kukar Bawa
25 ga Nuwamba, 1973

Gwaggo,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na yi murna da jin idonki ya buɗe. Albishir, Tabita ta sauka ran uku ga Oktoba, mace, mun sa mata sunanki. Uwa da 'ya suna lafiya.

Takardarki ta same ni kwana biyu bayan haihuwar. Na karanta ta a bayan gida a tsaye. Da farko haushi na ji, na ce ai ke kika rubuta a gajarce. Na ɗauko tsohuwar takardar don in kafa hujja, na sake karantawa. Gwaggo, maganarki a fili take. Ni ne na karanta abin da nake so in ji.

Bayan suna na ɗauki keke na tafi. Kwana biyu na yi a hanya, gonaki duk kara ne tsaye ba zangarniya. Na sami ƙauyen dab da iyakar Nijar. Inno ta fito, na faɗi sunana, fuskarta ta canja. Ta ce, "Kai ne faston? Me ya rage kuma da za ka karɓa?" Na ce na zo neman gafara ne. Ta ce, "Ka makara, amma shigo ka gani."

Gwaggo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun watan Satumba. Yana kwance a kan tabarma, bakinsa ya karkace, ya rame ƙwarai. Mijin Inno ya tafi ci-rani saboda yunwa, ita kaɗai ce da yara biyar, ba ta iya ɗaga shi. Ɗakin yana wari. Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗa masa duka, abin da kika rubuta da abin da kike nufi, da yadda na yi amfani da sunanki don in rufe masa baki. Na ce, "Baba, kishinka nake yi. Ka gafarta mini."

Ya yi magana, ban gane ko kalma ɗaya ba. Inno ce ke fassarawa. Ta ce yana tambaya, da gaske Dela ba ta ce a kore shi ba? Na ce da gaske. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, Inno ta saurara, sai ta ce, "Baba, wannan ba sai na faɗa ba." Ya buga tabarma da hannun hagu. Dole ta faɗa.

Cewa ya yi shi ma yana neman gafarata. Wai ranar da aka ce za a kawo fasto mai takarda, zuciyarsa ta yi baƙi. Shekara ashirin yana shara kafin kowa ya farka, ba wanda ya taɓa ganinsa. Da na zo sai ya riƙa jinkirtawa har mutane su fara fitowa, don su gan shi da tsintsiya su gan ni da kwat. Ya ce, "Sharar ta Ubangiji ce da, da ka zo na mai da ita tawa."

Na zauna a ƙasa kusa da shi.

Kwana uku na yi a gidan. Inno ta nuna mini yadda ake juya shi da yadda ake wanke shi. Ba zan ɓoye miki ba, ranar farko na fita bayan ɗaki na yi amai. Na tuna kwana arba'in ɗinki, na koma ciki. Ran na uku na roƙi Inno ta bar ni in tafi da shi gida. Ta ce, "Ku da kuka kore shi?" Na ce ba su ba ne, ni ne. Ta ce sai abin da ya ce. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna yamma, wajen Kukar Bawa.

Mun zo da shi a motar kasuwa har Gwiwa. Daga nan Ardo Lauwali ya aiko da amalanken shanu, da shanun da su kansu da ƙyar suke tafiya. Ardo ya ce Nomau ya yi masa jinyar ƙaninsa shekarun baya, ba zai bari a ɗauko shi a kan jaki ba. Yanzu Baba yana ɗakin da nake ajiye littattafaina, littattafan suna cikin buhu.

Maganar canjin wuri, na je Kazaure na aika a janye roƙona. Amsa ta zo cewa da ma babu gurbi a ko'ina, ba su ma kai ga duba takardata ba. Tabita ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Ɗanki,
Haladu

Kakuri, Kaduna
16 ga Disamba, 1973

Ɗana,

Na gaishe ku duka, da takwarata. Ka ga hannuna ya dawo, amma Uwa tana gefena, in na gajarta ta ce in ƙara.

Na ji duk abin da ka rubuta. Na gode wa Allah. Ka karanta wa Nomau wannan da bakinka, a hankali: Malam, Dela 'yar Mati tana gaishe ka. Ban manta ruwan da ka ba ni a bakin ƙoƙo ba, ba kuwa zan manta ba har in mutu. Ka yafe mini gajeren rubutu.

Kai kuma, Haladu, ga gargaɗi, kuma wannan karon zan faɗe shi yadda ba za ka juya shi ba. Jinya tana da daɗi a makon farko, lokacin da kowa ke cewa sannu da ƙoƙari. Wata na uku ba mai cewa komai, shi majinyacin ma zai fara yi maka faɗa. Ranar da ka ji kana so a gan ka da kwanon wankinsa, ka tuna abin da shi da kansa ya faɗa maka. Kada kuma ka bar wa Tabita aikin, kai ka ɗauki sunan. Tana da jaririya.

Iliya ya sa buhun masara biyu a motar wani direba mutumin Roni, za a sauke a kantin Muhammadu Lawal. Ba naka ba ne kai kaɗai.

Gwaggonka,
Dela

Kukar Bawa
28 ga Yuli, 1974

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini daɗewa, tun Ista rabona da zama in riƙe alƙalami. Muna lafiya. Takwararki ta fara rarrafe, haƙora biyu. Ruwa kuwa bana Allah ya dube mu, gero ya rufe mutum, har kwaɗi sun dawo fadama.

Rani ya yi tsanani, ba zan ce bai yi ba. Masarar da kuka aiko mun raba ta gida-gida har da rugar Ardo, ba ta kai ko'ina ba amma ta riƙe yara. A watan Maris muka haɗu da Musulmin gari muka yashe rijiya. Na shiga ciki sau huɗu. Liman ya ce bai taɓa ganin fasto da laka har wuya ba, na ce ni ma ban taɓa gani ba.

Abin da kika faɗa a kan wata na uku, haka ya faru. Baba ya yi mini faɗa a kan kunu ya yi zafi, a kan na juya shi da ƙarfi, ya taɓa jifana da cokali. Akwai safiyar da na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ji ba zan iya shiga ba. Na ce, Ubangiji, ba na son mutumin nan yau, ka ba ni hannun da zan taɓa shi. Na shiga. Ba zan ce miki na zama wani mutum dabam ba. Har yanzu in baƙi suka zo duba shi sai in ji ina so su tarar da ni a kansa. Na faɗa masa haka, ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce shi ma in baƙi sun zo yakan ƙara nishi.

Gidajen nan shida sun dawo, ba a rana ɗaya ba. Sun fara zuwa gaishe shi, daga nan matansu suka karɓi wankin kayansa, daga nan aka ga juna a sujada. Gida ɗaya har yau mai gidan ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Ina zuwa gonarsa ran Talata in taya shi noma.

Wata tara ina wanke Baba ina ba shi abinci, kunnena ya saba da harshensa. Yanzu duk garin nan ni kaɗai nake gane maganarsa sosai, ko Inno da ta zo a watan jiya ni na riƙa fassara mata.

Ran Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya saboda ruwa. Baba ya ce a kai shi. Na goya shi, ba shi da nauyi yanzu, muka zaunar da shi a gaba aka tokare shi da matashi. Da na gama wa'azi ya ja mini riga ya ce yana so ya yi addu'ar rufewa. Na ce wa jama'a Baba zai yi addu'a, ni zan maimaita. Na durƙusa kusa da bakinsa. Ya faɗi kaɗan, in ɗaga murya in faɗa.

Ya yi godiya don ruwa. Ya roƙa wa waɗanda suka tafi ci-rani su dawo lafiya. Ya roƙa wa Ardo da Liman, ya roƙa miki da sunanki. Sai ya faɗi wata magana, na ƙi faɗa wa jama'a. Ya maimaita, ya ƙara ja mini riga. Jama'a suna jira da kai a sunkuye. Ba yadda zan yi, na faɗa da ƙarfi yadda ya faɗa: "Ya Uba, ga ni ga yaron nan. Mu biyu masu girman kai ne, ka sani. Ka haɗa mu ɗaki ɗaya don ba wanda zai iya da mu sai juna. Kada ka gaji da mu."

Wani ya fara dariya a baya, sai ta bazu, wasu suna dariya suna share ido. Aka ce amin. Na sake goya shi muka fito, yana faɗa mini a kunne cewa na tsallake kalma ɗaya.

Ya ce in tambaye ki ko za ki zo a lokacin kaka. Ya ce kada ki daɗe, shi ba shi da alkawari da baɗi. In za ki zo ki sanar da ni ranar, zan jira ki a tashar Kazaure.

Ni ne ɗanki,
Haladu